Gida ɗaya a Kusuri: yadda ramin banɗaki ya haɗu da rijiya a ƙarƙashin ƙasa

Gidan da zan yi bayani a kansa na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, kuma yana wata unguwa ta Kusuri wadda ba ta da nisa da gaɓar kogin Logon, inda mutum kan tsaya ya hangi Injamena a tsallake. Mutum 18 ne ke kwana a cikinsa: mai gidan da iyalinsa su 11, sai 'yan haya 7 a ɗakunan da ke kusa da zaure. Kamar sauran gidajen arewacin Kamaru, babu wani babban bututun hukuma da zai karɓi ƙazantarsa ya kai ta wurin tacewa, domin irin wannan bututu ba a cika samunsa ba sai a wasu rukunin gidaje na Yawunde da Duwala. Duk abin da ya fito daga banɗaki, a cikin filin gidan zai zauna har ya ruɓe, ko ƙasa ta shanye shi, ko a zo a kwashe.

Shekaru da yawa gidan yana amfani da masai na gargajiya, rami ɗaya a ƙuryar tsakar gida. A bazarar 2021 kawu ya samu buɗi a kasuwancinsa na albasa, ya yanke shawarar ya huta da wari da ƙudaje. Ya kira magini, aka gina banɗaki biyu masu tayil da kujerar zama mai tankin ruwa, aka haƙa abin da mutanen nan ke kira fos, wato tankin siminti da ƙazanta ke kwanciya a cikinsa, sannan aka haƙa ramin tsotsewa a gefensa, wanda maginanmu ke kira fwizar, a Najeriya kuma a ce sokawe. Ruwan wanka da na wanki da na madafa duk aka haɗa su a bututu ɗaya aka zuba a fos ɗin. Shekara guda aikin yana tafiya lafiya. A watan Oktoba na 2022, lokacin da Logon da Shari suka cika suka yi ambaliyar da ta sa gwamnatin Cadi ta ayyana dokar ta-ɓaci, ruwa bai shiga ɗakunan kawu ba, amma banɗakunan biyu suka daina wucewa, baƙin ruwa ya riƙa ɓulɓulowa ta gefen murfin fwizar, kuma ruwan rijiyar gidan ya sake ɗanɗano. Yara uku suka yi gudawa a mako guda. A farkon Nuwamba ya aiko a kira ni, saboda ya san na daɗe ina aikin tsaftar muhalli.

Abin da ya fara faɗa mini shi ne: “Ɗana, an cuce ni a siminti. Ka duba mini inda ya tsage a toshe.”

Na ce masa: “Kawu, a ba ni kwana biyu in auna ƙasa da ruwa tukuna, kafin mu ɗora wa siminti laifi.”

Da igiya da dutse na fara. Ruwan rijiya yana tsaye a mita 2 daga doron ƙasa. Na tambayi Hajiya, uwargidan kawu, wadda ta fi kowa sanin rijiyar, nawa ake zura guga a watan Afrilu, ta nuna mini ƙullin da ke jikin igiyarta, na auna na samu kusan mita 6. A watan Afrilu aka haƙa fwizar ɗin, zurfinsa mita 4, kuma a ranar da aka gama shi ƙasansa a bushe yake ƙayau, da tazarar mita 2 tsakaninsa da ruwa. A watan Nuwamba kuwa rabinsa na ƙasa yana nutse a cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ramin da ya riga ya cika da ruwan kogi ba shi da inda zai sa na banɗaki.

A nan ne kuskuren da na fi gani a garuruwan bakin Logon yake. Magina suna haƙa rami a bazara, lokacin da ƙasa ta bushe kuma aiki ya fi sauƙi, kuma a lokacin ne ruwan ƙasa ya fi nisa. Masu gida kuma suna ɗauka cewa Agusta, watan marka, shi ne lokacin gwaji, alhali kogunan nan biyu daga kudu suke ɗauko ruwansu, Logon daga tsaunukan Adamawa, Shari daga Afirka ta Tsakiya, kuma ba sa kai maƙurar cikarsu a Kusuri sai a Oktoba zuwa Nuwamba, bayan sama ta ɗauke. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na unguwannin gaɓa yana bin kogin ne, ya hau idan ya hau. Wanda zai haƙa ramin ƙazanta a irin wannan wuri, awon rijiya na kaka ya kamata ya tambaya, kuma matan gida sun fi kowa riƙe shi a ka.

Abu na biyu ya fi tayar mini da hankali. Da na nemi maginin ya bayyana mini abin da ya tarar lokacin haƙa, sai ya ce mita biyu na farko baƙar laka ce mai tauri, irin karal ɗin da ake dasa masakwa a kai, wadda ke tsattsagewa a rani ta kumbura a damina har ruwa ya kasa ratsa ta. Ya san laka ba ta shan ruwa, don haka ya ci gaba da haƙa har ya cimma yashi, kuma ya yi murna da ya same shi. Ban ga mugunta a tunaninsa ba, hasali ma haka aka koya masa. Sai dai yashin nan shi ne shimfiɗar da rijiyar gidan ke shan ruwa daga cikinta, kuma tsakanin fwizar da rijiyar mita 12 ne kawai. Lakar da ke sama ita ce murfin da Allah ya yi wa ruwan, aka huda murfin aka zuba najasa kai tsaye. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya, kuma ƙasan ramin ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwa ke kaiwa idan ya cika. Gidan kawu ya saɓa duka biyun. Na zuba ruwan rijiyar a kwalbar gwaji, irin wadda ke yin baƙi idan akwai ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida, kafin kwana biyu ta yi baƙi ƙirin. A yankin da kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a 2010, wannan ba abin jinkiri ba ne, kuma a ranar na roƙi Hajiya kada a sake sha ko dafa abinci da ruwan.

Fos ɗin kansa bai tsage ba, amma ba a gina shi yadda zai yi aikinsa ba. Ɗaki ɗaya ne, babu bangon tsakiya, kuma bututun shiga da na fita suna fuskantar juna, ta yadda abin da ya shigo zai iya wucewa kai tsaye. Yana da kyau mai gida ya fahimci abin da wannan tanki ke yi. Ruwa yana zama a cikinsa kwana ɗaya zuwa biyu, mai nauyi ya kwanta a ƙasa, mai da kumfa su taso sama, ƙwayoyin halittar da ke rayuwa ba tare da iska ba su riƙa cin dagwalon suna rage yawansa. Ruwan tsakiya ne kaɗai ya kamata ya fita, kuma shi ma yana ɗauke da cuta kusan kamar yadda ya shigo. Ainihin tacewa a cikin ƙasa take faruwa, a busasshiyar ƙasa mai iska, inda ruwan ke sauka a hankali. Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an gina fos an gama da ƙazanta, kuma wannan zato ne ke sa ba a damuwa da inda ruwan fitarsa ke zuwa.

Sai lissafin ruwa. Kujera mai tanki tana zubar da kimanin lita 9 a kowane ja, kuma idan mutum 18 suka shiga sau huɗu a yini, an haura lita 600. Wanka da bokitin lita 20 sau biyu a zafin Kusuri ya ƙara lita 720, ban da wanki da wanke-wanke. Fiye da lita 1,300 ke nan a kullum ake turawa cikin tankin da bai wuce lita 3,000 ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa ya riga ya cika da dagwalo. Idan aka ƙara wanki da wanke-wanke, ga kuma bututun shiga da na fita suna fuskantar juna, ruwan ba ya samun zaman da zai kwanta.

Da na gama awo muka zauna a zaure da kawu da Hajiya da maginin, na shimfiɗa musu hanyoyin da ake da su. Wasu ba su ɗauke mu lokaci ba. Ƙaramar na'urar tace ƙazanta mai hura iska tana fitar da ruwa mai tsabta sosai, amma tana bukatar lantarki dare da rana da makanikin da ya san ta, kuma idan wuta ta ɗauke na kwanaki ƙwayoyin da ke aikin sukan mutu, don haka muka ajiye ta. Tankin da ke samar da iskar gas ta girki ya burge kawu, sai dai bayan gidan mutum 18 kaɗai ba ya ba da gas mai yawa idan babu kashin shanu da za a riƙa ƙarawa, kuma Hajiya ta ce ba za ta ɗora tukunya a kan wutar da ta fito daga masai ba. Rufaffen tanki wanda ba ya fitar da komai sai mota ta zo ta zuƙe shi ne ya fi kare ruwan ƙasa, amma da yawan ruwan gidan sai a riƙa kiran mota duk bayan 'yan kwanaki, kuma babu aljihun da zai jure.

Masai mai bututun iska, wanda aka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Blair a Zimbabuwe a shekarun 1970, yana maganin wari da ƙuda da dabara mai sauƙi: iska na fita ta dogon bututu, ƙudan da ke bin haske ya hau ya maƙale a ragar da ke bakinsa. Amma rami ne mai zurfi, kuma zurfi shi ne matsalarmu. Akwai kuma busasshen banɗaki da ake ginawa a kan doron ƙasa, mai raba fitsari da bayan gida, ana zuba toka bayan kowace shiga. A wurin da ruwa ke tasowa, babu wanda ya kai shi dacewa a takarda. Sai dai mu mutane ne masu tsarki da ruwa, kowa da butarsa, kuma idan ruwan tsarki ya shiga ɗakin da ya kamata ya zauna a bushe, aikin ya lalace. Ana iya yi masa magudanar tsarki ta daban, amma a gidan da ke da yara da baƙi da 'yan hayar da ke sauyawa, ban yarda za a kiyaye ba, kuma na faɗa musu haka.

Abin da ni na fi so shi ne tagwayen ramuka, tsarin da Bindeshwar Pathak da ƙungiyarsa ta Sulabh suka yaɗa a Indiya tun daga 1970. Ana zuba ruwa da hannu, lita 2 ko 3, ta cikin kwano mai lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa ya tare wari, sai bututu ya rabu biyu zuwa ramuka marasa zurfi. Ana amfani da ɗaya har ya cika, a toshe shi a koma ɗayan, kuma bayan kimanin shekara biyu abin da ke cikin na farko ya zama baƙar ƙasa wadda za a kwashe da shebur a kai gona. Ba ya bukatar mota. Da tun farko aka tambaye ni, shi zan ba da shawara, a ɗaga ramukan sama da ƙasa a kewaye su da cikon yashi. Amma kawu ya riga ya zuba kuɗi masu yawa a fos, kuma mutum 18 suna tara dagwalo kusan lita 1,000 a shekara, idan aka ɗauki lita 40 zuwa 60 ga kowane mutum, wanda ke nufin ramuka huɗu masu faɗi a tsakar gidan da ba shi da wannan fili. Kawu ya saurara har na gama, sannan ya ce: “Ɗana, abin da aka gina a gyara shi, ba ni da ƙarfin rushewa.” Na ga gaskiyarsa.

Saboda haka aka tsaya a kan gyaran fos da sauya inda ruwansa ke zuwa, kuma aka jira har Fabrairu 2023 kafin a fara, saboda dalilin da ya kamata duk mai fos a bakin kogi ya sani: tankin da aka zuƙe ya zama fanko alhali ruwan ƙasa na kewaye da shi yana iya tasowa kamar kwalekwale, ko bangonsa ya tsage. A tsakanin nan iyalin suka koma tsohon masai. Da aka zuƙe tankin, na hana kowa shiga sai da aka bar murfinsa a buɗe kwana biyu, kuma wanda ya shiga an ɗaura masa igiya, da mutum biyu a sama. Iskar da ke taruwa a irin wannan rami tana sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

An gina bango a cikin tankin, ɗakin farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku na tsawonsa, aka bar tagogi a tsakiyar bangon don ruwan tsakiya ya wuce. An sa wa bakin shiga da na fita bututu mai kai uku wanda ke nutsewa ƙasa da kumfa, aka yi sabon shafe na siminti ciki, aka ɗaga bakin murfi da bulo biyu don ruwan tsakar gida kada ya shiga, aka kafa bututun iska da raga. Fwizar ɗin kuwa an zuƙe shi, aka cike shi da yashi daga ƙasa, mita biyu na sama aka danƙare da laka, don a mayar wa ruwan ƙasa murfinsa. An cire tankunan ruwa na kujerun, aka koma zubawa da bokiti, kuma ɗaya daga cikin kujerun aka maye ta da kwanon tsuguno, wanda tsofaffin gidan suka fi so tun da farko. Da ake wannan aiki Hajiya ta lura cewa tsohuwar kujerar tana fuskantar gabas, aka juya sabuwar ta dubi arewa, kuma wannan ya ƙara wa mutanen gidan natsuwa da gyaran gaba ɗaya. Ruwan wanka da wanki an raba shi da fos, aka ratsa shi ta ɗan akwatin tare maiƙo da tsakuwa, ya tafi gindin darbejiya biyu da ke bakin katanga. Da waɗannan sauye-sauye abin da ke shiga tankin ya sauko daga sama da lita 1,300 zuwa kimanin 250 a yini, kuma a ganina wannan ragi ya fi kowane bulo da aka ɗora amfani.

Saura inda lita 250 ɗin za ta tafi. A bayan gida akwai tsohon turken awaki, kuma ƙasar wurin ta fi ta gaba sauƙi, laka ce gauraye da rairayi. Na haƙa ƙananan ramuka uku, na jiƙa su da ruwa dare guda, washegari na sake cikawa na auna saurin saukar ruwan, na ga tana sha, ko da yake a hankali. A nan aka yi gadon tacewa mai faɗin murabba'in mita 15. Maimakon a nutsa ƙasa, sai aka hau sama: aka kafce doron ƙasa, aka zuba yashin kogi mai kauri kusan rabin mita, sai tsakuwa, sai bututu biyu masu huji a kwance, aka rufe da buhuna da ƙasa, aka kewaye da bulo. Mun yi sa'a bakin fitar fos ɗin yana sama, kuma bayan gidan ya ɗan gangara, don haka ruwa na tafiya da kansa ba tare da famfo ba. Ta haka ko a Nuwamba akwai fiye da mita 2 na ƙasa tsakanin bututun da ruwan ƙarƙashi, kuma a watannin rani zafin rana da ciyawar da aka shuka a kai suna ɗauke wani kaso.

Abu ɗaya bai gyaru ba. Daga gadon zuwa rijiya mita 22 ne, bai kai 30 ba, kuma babu inda za a ƙara a filin. Ko da ya kai, masan maƙwabta biyu suna bayan katanga, ɗaya bai fi mita 9 daga rijiyar ba. Na gaya wa kawu a fili cewa rijiyarsa ta tashi daga ta sha, ta koma ta wanki da shayar da dabbobi da zubawa a banɗaki. Wannan magana ta yi masa nauyi fiye da kuɗin aikin, domin mahaifinsa ne ya haƙa ta. Yanzu ana sayen ruwan sha daga famfon burtsatse na unguwa, ana sa masa maganin kulorin a randa mai murfi.

Na bar musu ƙa'idoji kaɗan. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai ko kabaid a tankin da sunan rage cika, domin suna kashe ƙwayoyin da ke cin dagwalon, kuma su gangara su ɓata ruwan ƙasa. Kada a jefa leda da tsumma da ƙunzugun yara. Duk shekara a watan Maris a zura sanda da aka naɗe da farin ƙyalle a ɗakin farko, idan baƙin ya kai kusan rabin zurfin ruwa a kira mota, kuma a bar ɗan dagwalo a ƙasa ya zama iri. Na kuma nemi kawu ya riƙa tambayar direban motar inda zai juye kayan, ya ƙi wanda zai kai su bakin kogi, tun da ruwan da ya wuce Kusuri shi masunta da ƙauyukan da ke gangare har tafkin Cadi suke sha.

Daminar 2023 ta wuce ba tare da wata matsala ba. Gwajin gaske ya zo a 2024, shekarar da ambaliya ta sake mamaye Cadi da yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, inda Kusuri take. A tsakiyar Oktoba ruwan rijiya ya hau har mita 1.4 daga doron ƙasa, fiye da abin da na auna a 2022. Banɗakunan ba su toshe ba, kuma babu abin da ya ɓulɓulo a tsakar gida, amma kusan mako uku gefen gadon na ƙasa yana jiƙe yana ɗan wari, har aka kewaye shi da ƙaya don yara, aka kuma rage zuba ruwa. Da kogi ya sauka ya bushe. Wannan ya nuna mini cewa murabba'in mita 15 ya yi kaɗan a shekarar babban ruwa, kuma mun shirya ƙara masa 5 ta ɓangaren katanga. An zuƙe tankin karo na farko bayan gyaran a Maris 2025, bayan shekara biyu cif.

Na sake gwada ruwan rijiyar a wannan watan, kwalbar ta ɗauki lokaci fiye da na farko, amma ta yi baƙi. Kawu ya kai maganar ga mai unguwa, wanda ya yi alkawarin tara masu gidaje huɗun da ke kewaye da rijiyar bayan sallar Juma'a, kuma ya nemi in zo da igiyar awo da kwalaben gwaji guda huɗu.